Ɗiyar da Ba Ta Cikin Takarda

Ranar da aka ɗauki Lailatu aiki a wani kamfanin katako da ke Owendo, kusa da Libreville, tambaya ɗaya ce ta sha mata kai, kuma ba mai wuya ba ce. Madam Ndong, mai kula da ma'aikata, ta riga ta ga takardar makarantarta ta Maradi, ta kuma sa ta buga wasiƙa biyu a tafireta ba kuskure. Sai ta ɗaga biro ta ce da Faransanci, "'Ya'ya nawa?"

Alhaji Issoufou, yayan mijinta, yana zaune a gefe. Shi ya kawo ta, don daga shagonsa na unguwar Glass ake kai wa kicin ɗin kamfanin shinkafa da mai. Lailatu ta sunkuyar da kai ta yi tsit. Ɗiyar fari gare ta, kuma sunan surukarta aka sa wa yarinyar, shi ya sa kowa ke kiranta Iyatu. Wace mai tarbiyya ce za ta buɗe baki gaban yayan miji ta ce ta haihu? Madam ta ɗan jira, ta ja sifiri ta wuce. Alhaji kuwa yana jan carbi yana jin daɗin kunyar matar ƙanensa.

Ni dai har gobe shirun nan yana ba ni haushi, amma ban ga laifinta ba. Haka aka rene mu.

Shekarar 1976 ce, kuɗin fetur sun sa Libreville rawar kai, ko'ina gini, kowane ofis yana neman mai buga tafireta. Lailatu ba yunwa ce ta fitar da ita ba. Mijinta Souleymane direban babbar motar katako ne, yakan yi sati biyu a daji, amma bai rage ta da komai ba. Son aikin take yi, kawai, kuma ta faɗa masa haka. Kullum ƙarfe shida takan miƙa Iyatu ga maƙwabciyarta Mairamou, 'yar Garoua, ta tari takisi a bakin teku, ba ta dawowa sai bayan la'asar. Wata biyu ana haka, saura wata ɗaya ta gama gwaji a ba ta kwantiragi.

Sai mijin Mairamou ya ce za su koma gida ran Laraba.

Alhaji bai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa. Ya zo ya zauna kan tabarma ya ce, "Laila, abu biyu ne. Ko ki aje aikin ga ki riƙe yarinya, ko matata Hajiya Hawaou ta tafi da ita Maradi ran Asabar, kakarta ta yaye ta. Wata goma sha huɗu ai ta yi ƙwari."

"Yaya, akwai gardari cikin kamfani, inda ake tsaron ɗiyan ma'aikata."

"To, ki kai ta mana."

"Takardar haihuwarta tana wurinka."

"Tana cikin akwati," ya ce. "Sai na bincika."

Kowa ya san akwatin Alhaji. Takardun gidan duka suna ciki, kuma ba ya buɗuwa sai ran da ya ga dama. Yaron da aka kai yaye Maradi kuwa, daga nan ba a ganinsa sai ya fara zuwa aike. Lailatu ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ran Litinin ta shiga ofishin Madam, Mairamou na biye da ita goye da Iyatu. Ta ce tana son a ba yarinyar nan wuri a gardari. Madam ta jawo fayil ta buɗe, ta dube ta ta saman tabarau.

"Wurin na 'ya'yan ma'aikata ne. Ke ba ki da ɗa."

"Kuskure aka yi, Madam."

"Ni na rubuta, kina zaune a nan. Satin jiya na sallami mutum biyu da suka kawo mini 'ya'yan dangi a matsayin nasu. Ko dai kin yi mini ƙarya a wancan karo, ko yanzu kike yi. Kin san kina kan gwaji?"

Lailatu ta sani. Ta fara bayanin al'ada, Faransancin da take taƙama da shi ya gudu ya bar ta. Madam ta taso ta zo gaban yarinyar, ta kama ɗan hannunta ta ce, "Ina Mama?" Iyatu ta cusa fuska a bayan Mairamou ta ƙanƙame ta. Ai dole, Mairamou ce Mama a bakinta. Uwarta kuwa Laila take ce mata, yadda ta ji kowa na faɗa, mutanen gida suna ta dariya suna jin daɗi.

Ana cikin haka aka ce ga motar shinkafa ta iso. Madam ta aika a kira Alhaji. Ya shigo da sallama, ya ga yarinyar, ya ga fayil, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"Monsieur Issoufou, wannan ɗiyar wa ce?"

"Ɗiyata ce," ya ce.

Bai yi ƙarya ba, a wurinmu ɗiyar ƙane ɗiyarka ce, kuma da ya ce ta Souleymane ce da an ce ya nuna bare. Amma Alhaji ya shekara goma sha biyu a garin nan, ya san yadda kunnen Madam zai ji maganar. Ko da gangan ya yi, ko baki ne ya bi hanyar da ya saba, Allah ne ya sani. Madam ta rufe fayil ɗin, ta ce wa Lailatu ta je ta tattara kayanta, za a kira ta.

Lailatu ba ta motsa ba. Tana jin bugun tafiretocin 'yan'uwanta ta bayan bango. Ta juya wurin Mairamou ta ce, "Kwanto ta."

"Laila, Alhaji na nan fa," in ji Mairamou a hankali.

"Na gane shi. Kwanto ta."

Ta karɓi yarinyar ta zauna kan kujerar baƙi, wadda ke daf da gwiwar Alhaji, ta ɓalle maɓallan rigarta. Iyatu ba ta tsaya tambayar kowa ba, ta kama nono da hannu biyu tana lumshe ido, ƙafarta ɗaya tana shure-shure. Ba ka jin komai a ofishin sai haɗiyar yarinya.

"Ni na haife ta," Lailatu ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Ran huɗu ga watan Janairun bara, a babban asibiti. Sunanta Khadijatu."

Karo na farko ke nan da sunan ya fita daga bakinta. Alhaji ya miƙe kamar an tsikare shi, ya fita bai yi sallama ba. Madam ta daɗe tana kallon uwa da ɗiya, sannan ta ce a kai yarinyar gardari, amma ta ba Lailatu zuwa Juma'a ta samo kwafin takardar haihuwa a ma'aikatar magajin gari, in ba haka ba, ita da yarinyar duka a waje. Ta ƙara da cewa an riga an ci mata minti arba'in na aiki.

Gardarin yana can ƙetaren fili, bayan inda ake jibge gumagumai. Wata dattijuwa mai farar riga ta miƙo hannu, Lailatu ta ɓamɓare yatsun Iyatu daga wuyanta ɗaya bayan ɗaya ta ba ta. Mairamou ta tsaya tana share hawaye da bakin zane, tana cewa yau an ga abin da ba a taɓa gani ba, kuma kafin magariba duk Glass za a ji.

Lailatu ta koma teburinta. Wasiƙu tara suna jiranta. Tagar ofishin a buɗe take, kuma cikin kukan yara da yawa tana rarrabe na tata sarai, tana kiran Laila, Laila. Gaban rigarta ya jiƙe. Ta sa takarda a tafireta, ta daidaita gefenta, ta fara da kwanan wata.