Lemon Da Aka Hana Tsincewa

Da Baba ya rasu aka raba lambun lemonsa, ɓangaren gabas na Yaya, na yamma nawa. Babu katanga a tsakaninmu, sai igiyar da Yaya ya ɗaura daga turke zuwa turke. Shi ma'aikaci ne a birni, wata ya ƙare ya ga albashi. Ni kuwa tun da maigidana ya kwanta ciwo, da lemon nan nake ciyar da gida. In bai yi ba, ba mu da wata madafa.

Yaya mutum ne mai zargi. Ko tsintsiya ka ara a gidansa, in ka mayar sai ya duba ko ta rame. Shekarar farko iska ta kaɗo masa lemo, ni da karambanin zumunci na share masa ƙarƙashin bishiyoyi tas. Da ya zo ya ga lemon kan rassa ya ragu, ƙasa kuma fes, bai ce na yi sata ba. Cewa ya yi, "Auta, ashe lemona sama yake tashi, ba ya faɗowa ƙasa." A nan ya kafa doka: duk abin da ya faɗo a ɓangarensa a bar shi inda yake, sai ya zo ya gani da idonsa.

Bana lemon ya yi 'ya'ya har rassa suna rinjaya. Sai ga wasu sun fara ja tun lokacinsu bai yi ba, suna faɗowa ɗaya-ɗaya. Na ɗauki ɗaya, na ga ɗan tabo a bawon kamar an soka allura. Na fasa, ciki ya ruɓe, fararen tsutsotsi suna ta motsi.

Malamin gona ya zo ya duba. Ya ce wani ɗan ƙuda ne yake huda bawon ya saka ƙwai, tsutsar ta cinye cikin, lemon ya faɗo. Daga nan tsutsar ta shige ƙasa ta fito sabon ƙuda, ya koma sama. "Feshi kaɗai ba zai yi ba," in ji shi. "Duk wanda ya faɗo a tsince a binne a rami mai zurfi." Sai ya leƙa bayan igiya ya yamutsa fuska. "Wancan fa? Ai gidan hayarsu ke nan."

Na kira Yaya a waya na yi masa bayani.

"To ki tsince naki mana," ya ce.

"Yaya, ƙudan bai san igiya ba. Daga naka yake tasowa."

"Ki bari in zo."

"In ɗauka maka hoto kafin in binne?"

"Hoto zai gaya mini na wace bishiya ce? Auta, na ce ki bari."

Kullum da safe ina zagaya ɓangarena da kwando, ina tsinta ina binnewa har bayana ya ƙage. Taku kaɗan daga inda nake durƙuso, nasa ya taru tuli-tuli, ya yi fumfuna, yana warin tsami, ƙudaje suna tashi a kai kamar hayaƙi. Maigidana daga kan gado ya ce in tsallaka kawai in kwashe. Na je har bakin igiyar, sai na tuna yadda Yaya ya maimaita zancen lemo mai tashi sama a gaban dangi ana dariya, 'ya'yana suna zaune suna ji. Na dawo da kwandona. Na sake kira, ya ce aiki ya yi masa yawa. Na kuma kira, bai ɗauka ba.

Da dillalin da ya saba sayen lemona ya zo, bai ma zauna ba. Ya tsinko ɗaya a sama ya fasa da babban yatsa, ya tsinko wani ya fasa. Ya goge hannu a wando ya ce, "Sai dai haƙuri, sai baɗi." Ina kallo motarsa ta juya wayam. Ranar na yi kuka, kuma na tsani ɗan'uwana tsana ta gaske.

Yaya ya zo bayan komai ya ƙare, da takalmi mai sheƙi da hankici a hanci. Ya bi bishiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya yana tona ruɓaɓɓen tulin da sanda, yana gyaɗa kai.

"Gaskiya ne, zubowa ya yi," ya ce. "Yanzu na yarda da ke, Auta. Hankalina ya kwanta."

Ya tsallaka igiyar ya shigo ɓangarena, ya dubi rassan babu ko ɗa, ya dubi ƙasar da na share fes. Ya daɗe yana kallo.

"To ke naki ina yake?" ya ce. "Har kin sayar ba ki sammana ko kwando ɗaya ba?"