Hannun Baba

Yana cikin shafa ruwan shayi a kan takarda ta ƙarshe sai matarsa ta leƙo kicin.

"Maigida, shayin nan na sha ne ko na wanka?"

"Na tsufar da takarda ne," ya ce, bai ɗago ba.

Mahaifinsa ya yi suna da manyan hotunan fenti, amma bai taɓa ajiye zanen fensir da yake fara yi kafin ya ɗauki buroshi ba. Da aiki ya kammala, sai ya hura wuta da zanen fensirin. Yanzu kuwa kasuwa ta juya. Mai gidan baje kolin zane ta bayyana cikin ladabi cewa masu saye sun ƙoshi da fenti, zanen farko suke nema, wai a nan ake ganin tunanin mai zane kafin ya sa riga. In babu su, babu bikin karrama tsohon. Ba ta ce a ƙirƙiro ba. Ta dai ce a duba da kyau.

Ya duba da kyau. Da bai samu ba, sai ya zauna gaban hotunan ya zana abin da ya kamata a ce ya riga su zuwa duniya. Sa hannun ne kaɗai zuciyarsa ta ƙi sata.

Ya ɗauki zanen ya tafi, ya tarar da tsohon a baranda, bargo a gwiwa, mantuwa ta riga ta cinye masa rabin sunayen jikokinsa. Tun daga ƙofa ya yanke shawarar faɗin gaskiya.

"Baba, akwai wata magana da..."

"Miƙo nan tukuna."

Tsohon ya kai takardar daf da idonsa. Ya bi kafaɗar wani tela da ke cikin zanen da yatsa.

"A ina ka tono waɗannan?"

"A ƙasan akwati, Baba."

"Dubi layin nan. Ja ɗaya, babu gogewa." Idanunsa suka cicciko. "Allah sarki. Ashe na taɓa iyawa."

"Baba..."

"Kai ma ka yi ƙoƙari a lokacinka, ban manta ba. Amma hannu ba a gadonsa, ɗana. Kada ka sa a ranka, ba laifinka ba ne."

Ɗan ya haɗiye gaskiyar da ya zo da ita. Ya fere fensir ya miƙa wa tsohon don ya sa hannu, sannan ya danne takardar da hannu biyu don kada ta motsa.