Abin da ke Aljihun Salih

Tun da suka taso daga unguwar Mayo Zuhura take jin numfashin ƙanenta Salih yana fita da ƙyar. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ranar wankin ƙodarsa ce a wani asibiti a Umdurman, ga shi wankin baya ya wuce shi saboda an rufe hanya.

A da Salih mai walda ne a unguwar Alshajara. A can abokan aiki suka koya masa haɗiyar ƙwaya don ya wuni yana aiki ba gajiya. Ƙwayar ta jawo masa hawan jini, hawan jinin ya cinye ƙodojinsa. Ya sha rantse mata cewa ya daina.

Da motar hayar da suka shiga ta iso bakin gadar kogin Nilu, sai ta tsaya cik. Sojoji na sauke maza suna lalube musu aljihu.

Salih ya damƙe hannunta, tafinsa sharkaf da gumi.

"Yaya," ya ce can ƙasa, "abin yana jikina."

In suka tafi da shi yau, ta san gawarsa za a miƙo mata. Ba ta dube shi ba ta zura hannu aljihunsa, ta zaro ƙullin leda, ta cusa cikin mayafinta.

Wani soja ya leƙo ta taga. "Kai, sauko!"

"Ba shi da lafiya," ta ce da Larabci. Ta janye hannun rigar Salih, ta nuna jijiyar da allurar wanki ta kumbura. Sojan ya dubi hannun, ya dubi fuskarta. Sannan ya bubbuga jikin motar, direba ya ja.

A tsakiyar gada Salih ya ce, "Jefa shi ruwa, don Allah."

Ta yi kamar ba ta ji ba.

A asibiti ta kwance ledar a gaban Dakta Tasnim, likitar da ke duba shi.

"Yaya, kin kashe ni! Za su hana ni injin wankin!" in ji Salih.

Likitar ta juya ƙwayoyin da bakin biro. "Ba mai hana ka, Salih. Amma ina ta canza maka magani, jininka ya ƙi sauka, ashe wannan ne. Zuciyarka ma ta fara kumbura. In ka ci gaba, injin ba zai riƙe ka ba."

Aka kwantar da shi, jini ya fara zagayawa cikin robar injin. Likitar ta ce za ta haɗa shi da masu taimaka wa mashaya su daina. Salih ya juya fuska bango, ya ƙi kula yayarsa.

Zuhura ta jawo kujera ta zauna kusa da ƙafarsa.