Filasta a Kunnen Malam Gwangwani

Ranar da makaranta ta ba 'yata aron mutum-mutumin da ke koya wa yara Faransanci, ni na fara juya shi kafin ta taɓa. Bai fi filas ɗin shayi tsawo ba, ga wasu 'yan ramuka a gefen kansa. Malamarsu ta ce da su yake ji. Hankalina bai kwanta ba. Abu a falona yana sauraren duk abin da muke faɗa? Da 'yata ta shiga wanka na yanko filasta daga akwatin magani na liƙe ramukan tsaf. A ganina malami da baki yake koyarwa, me zai yi da kunne?

Babanta ya raɗa masa Malam Gwangwani. "Wannan malami ba bulala, ba shan shayi," in ji shi. Kullum ta dawo daga makaranta sai ta zauna gabansa a kan kafet. Daga kicin ina jinsu, ya faɗi kalma ta maimaita, sai ya jero wata jimla guda, kullum ita. Ba na jin Faransanci, na ɗauka darasin kenan.

Sati na uku malamar ta tare ni a bakin ƙofar aji.

"Maman yarinya, lafiya a gida? A da ita ke fara ɗaga hannu. Yanzu ko na kira ta sai ta sunkuyar da kai."

A gida na zaunar da ita na tambaye ta. Ta daɗe tana murza gefen rigarta.

"Umma, bakina ne ba kyau. Ko Malam Gwangwani ba ya gane ni. Kullum cewa yake bai ji ba, in sake."

Na jawo shi gabanta, na sa farce na ɓare filastar, tana kallo.

"Wa ya sa masa?"

"Ni ce. Tsoro na ji kar ya riƙa sauraronmu. Bakinki lafiyarsa ƙalau, laifina ne."

Mutum-mutumin ya faɗi kalma, ta yi shiru. Ya sake faɗa. Can ƙasa-ƙasa ta maimaita, idanunsa suka yi kore, ya tafa 'yan hannayensa.

Ba ta yi dariya ba. Ta juyo ta dube ni.

"Umma, gobe ke za ki gaya wa Malama."

Na ce to.