Gurnanin Kifi a Hannu

Shekara uku ke nan ina sauraren kifi a Manchester, aikin da ba na son faɗa a taron biki don dariya ake yi mini. Kifin bakin teku ne, Turawa na kiransa grunt saboda gurnaninsa. Daga gaɓar Afirka ta Yamma aka kawo mana su, inda suke kiwo a ruwa marar zurfi, suna tonon tsutsa a cikin laka. Ƙananansu a bakin kogi suke girma, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri. Haƙoran da yake kukan da su a maƙogwaro suke. Gurza su yake yi, jakar iskar cikinsa ta ƙara sautin.

Aikina shi ne in koya wa kwamfuta ta bambance kukan: na cin abinci, na faɗa, da na sa'ar da aka ɗaga shi daga ruwa. Wannan na ƙarshen ba na ƙaunar ɗaukarsa. Kifin na hannunka, kana jin gurzar har cikin ƙashin yatsunka, gajeru uku sannan doguwa ɗaya. Ethan, dattijon da ke kula da tankunan, doka ɗaya ya kafa mini tun ranar farko. Muddin kifi na gurnani, da sauran ƙarfinsa. In ya yi shiru, ba sabawa ya yi ba, haƙura ya yi. Daƙiƙa goma gare ka ka mayar da shi ruwa.

A lokacin da abin nan ya faru, mahaifiyarmu, Inna, tana Birmingham wajen yayata Raki, wadda likita ce. Daga Ringim ta zo aikin ido, wata biyu za ta yi. Sai ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Ni da Yaya Raki muka zauna a kicin muka yanke cewa nan za ta zauna, kusa da asibiti. Ba wanda ya tambaye ta, don muna ganin ba ta da bakin amsawa.

Wata Talata da hantsi kwamfutar ta kawo mini sakamakon da bai yi daidai ba. Kuka goma sha huɗu na kifin da ke waje da ruwa, alhali makon nan ban ɗaga ko ɗaya ba. Har na fara zagin Ethan a zuciyata. Da na duba, laifina ne: saƙon muryar da Yaya Raki ta turo mini na jefa cikin fayilolin kifi. Na sa a kunne. Tana ba ni labarin makarantar 'yarta Inaya, tana dariya. Can bayan muryarta kuma wani abu na gurzawa. Gajeru uku, doguwa ɗaya.

Na waiwaya na dubi tankunan, kifayen na shawagi abinsu, ba wanda ya ce uffan.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, na wuce unguwar Sparkhill, gidan Yaya Raki. Na tarar da Inna a kujera, an juya ta tana kallon motocin Stratford Road. Tun daga ƙofa na ji gurzar. Na durƙusa na gaishe ta, sai na ga ƙulli a gefen zanenta. Makullin ɗakinta na Ringim ne. Wata takwas ana yi mata wanka ana canja mata zane, kullum sai ta nuna da ido an ɗaure mata shi.

"Inna," na ce, "gida kike so?"

Ta damƙe wuyan hannuna da hannunta mai lafiya. Gurzar ta ratsa ni har gwiwar hannu, daidai yadda nake jin ta a wajen aiki. Tsoro ya kama ni, tsoron uwata, kuma na ji kunyar hakan.

Yaya Raki ta ja ni kicin. "Bara'u, it's very common bayan stroke. Cizon haƙora ne kawai. Za ka gwada Inna da kifi?"

"Yaya, ba ni na gwada ba, kwamfuta ce."

"To wa zai kula da ita a Ringim? Physio ɗinta fa, gashin da ake yi mata? Kai za ka bar thesis ɗinka ka zauna da ita?"

Ta taɓo inda yake mini ciwo. Na koma na gaya wa Inna ta yi haƙuri wata biyu, in na kare kundin digirina ni da kaina zan kai ta. Ban iya kallon idonta ba. Ina sauka a matakala ina jin gurzarta, har na rufe ƙofar waje.

Mako uku na yi ban koma ba. Kullum da uzurina, kuma uzurin gaskiya ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Wata ranar Alhamis da la'asar ina cikin bas a Wilmslow Road, Yaya Raki ta kira, muryarta fes.

"Albishirinka! Inna ta daina. Ta settle, alhamdulillahi. Har makullin nan ta kwance ta ba Inaya tana wasa da shi. Tsaya ka ji."

Ta kara wayar kusa da Inna. Na toshe ɗaya kunnen da yatsa. Ba gajeru, ba doguwa, sai numfashi a hankali. Ban san sa'ar da na fara ƙirga ba, sai da na ji kaina a bakwai, takwas, tara.

"Yaya," na ce, "tun yaushe ta yi shiru?"

"Yau kwana huɗu," in ji ta.