Mai Kawo wa Dua Itace

Yayata Dua taurin kai gare ta, ni kuma bakina ba ya ajiye magana, a haka muka tsufa tare. Gidanta na sama da nawa, a kan dutsen da ke kallon garin Dong Van. Duk lokacin sanyi tarinta sai ya gangaro har ƙofata, saboda hayaƙin murhun da take kwana a gefensa.

Bana 'yarta Xia, wadda ke aiki a cikin gari, ta hawo babur da magana ɗaya a bakinta. Likita ya ce hayaƙin nan yana cin ƙirjin uwarta, don haka za ta kawo murhun gas mai ɗumama ɗaki a daina hura itace, in dai Dua ta yarda.

"Gas wari gare shi," in ji Dua.

"Inna, ina kika taɓa shinshina shi?"

"To masarar da ke rataye a sama fa? Hayaƙi ne ke korar mata ƙwari."

"Sai a kai ta gidan ƙanwarki, ai nata murhun bai mutu ba."

Ina gefe ina murza zaren rama, dariya na cina. Na san abin da ke damun Dua, kuma ba masara ba ce. Vang Chu ne, wani dattijo da ke can ƙasan kwari, wanda matarsa ta rasu tun kafin mijin Dua. Duk ranar kasuwa sai ya hawo da kwandon itace a bayansa, ya sauke, ya zauna gasa hannu, a zuba masa dambun masara da romon ganye, ya yi ta ba da labarin saniyarsa har rana ta karkata. A nan wurinmu namiji ba ya shiga gidan matar da mijinta ya mutu haka kawai, sai da dalili. Itacen nan shi ne dalilinsa. In gas ya shigo, Chu ya rasa abin da zai kawo shi.

Na ce, "Yaya, faɗa wa yarinya gaskiya mana, wace masara?"

Ta watso mini harara. "Ke dai tun kina goye ba ki da kunya."

Muna cikin haka sai ga shi, da yake ranar kasuwa ce. Ya sauke kwandon yana haki, Xia ta gaishe shi, ta zayyane masa komai, wai ya taya ta lallashin uwarta. Sai na ji tausayinsa ya kama ni, don yarinyar ba ta san abin da take roƙonsa ba.

Chu ya kalli wutar. Sannan ya ce, "Ki karɓi gas ɗin, uwar Xia. Daga gonata nake jin tarinki, kuma ba ya mini daɗi."

"Itacen fa?" in ji Dua, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Itace ai ba ya rasa mai so. Sai in kai kasuwa."

Ya faɗi haka yana ta gyara igiyar kwandon da ba abin da ya same ta. Xia ta fara kallonsu ɗaya bayan ɗaya, ta kuma kallo ni. Ni dai na ci gaba da murza zarena.

Dua ta yi tari, ta share bakinta, ta ce wa 'yarta, "Kawo gas ɗinki." Sai ta juya wajen Chu, a gabanmu duka, ko kunyar 'yarta ba ta ji ba. "Kai kuma ranar kasuwa ka zo. Ba sai da itace ba. Ni kai nake jira, na gaji da ɓoyewa."

Wallahi farin ciki ya hana ni tsokanarta, abin da ban taɓa fasawa ba.

Da wata ranar kasuwar ta zagayo, ina shanya a ƙofar gida na hango shi yana hawowa, bayansa wayam, ya sa rigarsa ta biki. A bakin ƙofar Dua ya tsaya, ya rasa inda zai sa hannayensa. Ta leƙo ta ce ya shigo, ɗumin ɗakin na fita.