Kafso Huɗun da Aka Rage

Zazzaɓi ya fara taɓa Dakta Lantana tun kafin azahar, amma ta ƙi tashi daga ɗakin gwaji. Kwana tara 'yarta Uwani na kwance a asibiti da ciwon ƙafa wanda ya ƙi jin kowane magani. Ita kuwa uwar tana nan tana haɗa sabon sinadari, na ɗari biyu da sha huɗu. Tun jiya ta ɗiga shi a farantin gilashi mai ƙwayoyin cutar da aka ɗebo daga ƙafar yarinyar. Ta kifa kai a tebur, wai minti biyar.

Sai teburin ya miƙe ya zama gona, kowace zangarniyar gero kwalba ce tana tafasa. Wata tsohuwar gafiya ta fito daga kunya, da mayafi a kafaɗa.

"Sannu, Dakta. Abokan aikinki ne suka taɓa mana ƙwayoyin halitta don zuri'armu ta ƙare a gonaki. Haihuwata bakwai, duk maza. Na san zafin rashin 'ya mace. Biyo ni."

Suka bi ta cikin rami, suka ɓulla a wani aji mai bangon gwangwani. Ƙwayoyin cuta ne zaune a benci, layi-layi, sai rubutu suke yi.

"Wa ya koya muku jure magani?" in ji gafiya.

Duk ajin ya juyo ya nuna Lantana.

"Ni? Ni da nake yaƙarku shekara goma?"

Daga teburin malami wasu kafso huɗu, ja da rawaya, suka yi gyaran murya.

"Mu ne kika rage bara. Uwani ta ce ɗaci, kumburin ƙafarta ya sace, kika ce a ajiye mu saboda gaba. Waɗanda ba mu ƙarasa ba, ga su nan, sun gama makaranta."

Wai Lantana, wadda ke yi wa maƙwabta faɗa a kan yanke magani! Tausayin hawayen 'yarta ne ya sa ta, kuma ta sani. Zuciyarta ta karye.

Ƙasan ajin ta narke ta zama tafki, zagayayye, garau. A ɗaya gaɓar ga Uwani tana tafiya ba ɗingishi.

"Umma, ki daina kuka. Yanzu ba ɗaci."

"Tsaya, Uwani! Na kusa gamawa!"

Gafiya ta riƙe mata gefen riga. "Nan iyaye mata suke tsayawa."

Firgigit ta farka, waya na ruri a gefen kunnenta. Idonta ya fara sauka a kan farantin. Kewaye da ɗigon maganin ga da'ira tas, ko ƙwayar cuta ɗaya babu. Maganin ya ci.

Ta ɗauki wayar don ta yi wa mijinta albishir. Kiransa na goma sha ɗaya ke nan.

"Abban Uwani, an dace! Maganin ya…"

"Lantana," ya ce a hankali, "a zaune kike?"

A bayan muryarsa ta jiyo mata suna salati.